Yadda Za Ka Ci Kwas ɗin Gudu Ba Tare da Ka Yi Gumi a Aji Ba

Ɗan'uwa ɗalibi, matso kusa, na san abin da ke cin ranka. Ka zo kwaleji neman ilimin da za ka zauna a ofis mai fanka, sai ga shi an ƙaƙaba maka wani kwas na dole, wai motsa jiki don lafiyar zuciya. Duk Talata da Alhamis a fito da kai fili kana zagaye kamar wanda ya yar da makullin ɗaki. To, sha kuruminka. Matakai bakwai ne a nan, kuma na yi maka alkawari, in ka bi su bi da bi, za ka ci kwas ɗin nan ba tare da ɗigon gumi ya taɓa rigarka a aji ba.

Ba da ka nake magana ba. A wurin gwani na gani, abokin ɗakina, wanda duk makaranta ke kira Katifa. Shi mutum ne da in aka ce gobara ta tashi a ɗakin kwana, sai ya tambaya ko ta iso ɓangarenmu kafin ya juya. Sau biyu yana faɗuwa kwas ɗin nan don bai taɓa taka filin ba. A shekarar ƙarshe aka kira shi ofis aka ce wannan ce dama ta uku, kuma daga ita babu wata. In ya sake faɗuwa, babu takardar kammalawa, shekara huɗu ta bi ruwa. A gida kuwa Inna, mahaifiyarsa, ta riga ta gama shelanta wa maƙwabta cewa autanta zai gama bana.

Mataki na ɗaya: Ka fi kowa shiri

Kada ka yi kuskuren ƙin zuwa, wannan aikin sababbin shiga ne. Ka riga kowa isa. Sayi farin takalmin gudu, ka rataya tawul a wuya, ka riƙe gorar ruwa. Malami in ya ga tawul, rabin hankalinsa ya kwanta.

Malaminmu wani siririn dattijo ne da ake ce wa Mai Usur, don ko gaisuwa da usur yake amsawa. Ranar farko Katifa ya tsaya a sahun gaba yana miƙe hannu ɗaya sama, fuska a murtuke. Mai Usur ya dube shi daga hula har takalmi.

"Kai ne wanda sunansa ya shekara biyu a takardata ba tare da jiki ba?"

"Ni ne, Malam. Na tuba."

"Madalla. Za mu gani."

Mataki na biyu: Ka san filinka

Kowane fili yana da wurin rahama. Namu yana da wani ƙaton tankin ruwa a kwanar nesa, bayan ragar ƙwallo. Ka tashi tare da jama'a, ka shige tsakiyarsu. Da kun iso tanki sai igiyar takalminka ta kwance. Ka durƙusa, ka gangara baya, ka zauna. In ka ji usur na zagayen ƙarshe, ka fito ka bi ayari.

Kafin ka fito ka buɗe famfon tankin ka jiƙa jikinka, amma da ilimi. Gumi ba ya sauka ko'ina. Goshi, ƙirji, tsakiyar baya da hammata, shi ke nan. Wanda ya jiƙa kafaɗa ya tona wa kansa asiri. Katifa har ɗan gishiri yake sawa a ruwan, wai ko da Malam zai matso kusa. Ni dai ban kai wannan matsayi ba, a gefensa kawai nake zama ina ɗaukar darasi.

Mataki na uku: Ka cika kati da hikima

Nan ne wurin da ake bambanta gwani da ɗan koyo. Kowane ɗalibi yana da kati. Kafin a fara gudu, za ka ɗora yatsu biyu a gefen wuya, ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya, ka rubuta. Bayan gudu ka sake. Babu mai duba ka, amana ce tsakaninka da wuyanka.

Ni da ba ni da buri, na leƙa katin na kusa da ni na ga tamanin, na rubuta tamanin. Katifa ya girgiza kai don tausayina.

"Kai ba ka da tunani. Ni ɗan direba ne. Mota in ta kusa mutuwa, ai a hankali injinta ke bugawa. In Malam ya ga tawa zuciyar da ƙyar take motsi, da kansa zai ce in koma inuwa kada in mutu a hannunsa."

Ya rubuta arba'in da shida. Bayan gudun da bai yi ba ya rubuta sittin. Sati uku yana haka, har wata rana ya sauko arba'in da huɗu don ya ƙara ban tausayi. Wallahi a lokacin na yi masa hassada.

Mataki na huɗu: In an yabe ka, kada ka musa

A sati na huɗu Mai Usur ya tara mu, ya ɗaga kati ɗaya sama.

"Ku buɗe kunnuwanku. Zuciya in ta samu horo, ƙarfi take yi, sai ta riƙa tura jini da yawa a bugu ɗaya, ba ta bukatar gaggawa. Mai yawan kwanciya ne tasa ke rawar jiki. Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin arba'in da huɗu ba sai a wurin manyan 'yan tsere. Ashe zakara muke da shi a aji ba mu sani ba!"

Aka ɗau tafi. Katifa ya yi murmushin wanda ya taka ƙaya a gaban surukai.

Malam ya ci gaba. Nan da sati shida akwai gasar tsere tsakanin sassan kwaleji, zagaye goma sha biyu da rabi, kuma Katifa ne zai wakilce mu. Duk wanda ya kai ƙarshen tseren ya ci kwas, ba sai ya yi jarrabawar gudu ta ƙarshen zango ba. Wanda ya tsaya a hanya ya faɗi.

"Af, na manta," in ji shi yana mayar da katin aljihu. "Bara wani ya rubuta lambar ƙarya a katinsa. Hukuncinsa ɗaya da satar jarrabawa, korarsa aka yi. Amma wannan bai shafe ka ba. Daga yau ba sai ka wahala da waɗannan ba, na san kana da naka atisayen. Zauna can a inuwa ka riƙe mini agogo."

Ka gani ko? Inuwa, da izinin malami, a gaban kowa. Tsarin ya yi aiki. Abin da kawai ban gane ba shi ne yadda mutum zai samu abin da ya shekara uku yana nema, amma ya zauna yana kallon agogo kamar an ba shi riƙon maciji.

Mataki na biyar: Kada labari ya kai gida

Wannan matakin ka kula da shi sosai, don shi ne Katifa ya kasa. An liƙa sunayen 'yan tsere a allon sanarwa, wata 'yar ƙanwar Inna da ke sashen jinya ta ɗauki hoto ta tura gida. Kafin la'asar waya ta yi ƙara.

Sai ka san Baba, mahaifin Katifa, kafin ka gane nauyin wannan kira. Shekara talatin yana jan babbar mota, ya yi ritaya da hawan jini. Likita ya ce lallai ya riƙa tafiyar rabin awa kullum, in ba haka ba kada a yi kuka da kowa. Kullum da safe Baba zai fita da sanda, ya dawo bayan rabin awa yana share goshi. Inna ta daɗe tana mamakin yadda awon jininsa ya ƙi sauka.

Katifa ya sa wayar a bayyane, muryar Baba ta cika ɗakin.

"Auta! Ashe haka kake ka ɓoye mana? Ai na faɗa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!"

Daga can baya muka ji muryar Inna: "Wace barewar? Kai da ko ruwa sai an miƙo maka?"

"Rabu da ita. Ranar muna nan tafe, ni da ita. Duk tashar mota na gaya musu."

Katifa ya kashe waya. Tun yana firamare bai taɓa jin Baba ya yi alfahari da shi da irin wannan murya ba, kuma abin ya yi masa daɗi, ya kuma yi masa ciwo. In ya faɗi gaskiya, kora. In ya tsaya a hanya, faɗuwa, a gaban Baba.

Mataki na shida: Ka rufe ƙaryarka, ko nawa za ta ci

Abin da ya rage shi ne ka yi gudu a ɓoye. Kada ka ruɗe, wannan ba motsa jiki ba ne, rufin asiri ne, kuma ba a aji ake yinsa ba, saboda haka alkawarina yana nan daram.

Da asuba, kafin masu shara su fito, Katifa zai saɗaɗa fili. Ranar farko ya yi rabin zagaye ya rungume ragar ƙwallo yana kiran Inna. Sati ɗaya da baya-baya yake sauka matattakala don cinyoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa. Farin takalmin nan ya koma kalar ƙasa. Ɗakinmu ya cika da warin man zafi, har maƙwabta suka fara tambaya ko tsoho muka ajiye.

A sati na uku ya yi zagaye huɗu. A na biyar ya yi takwas, ya dawo ya tashe ni daga barci don ya gaya mini, abin da ban yafe ba har yau. 'Yan aji suna wahalar awa biyu a sati, shi kuwa gwanin gujewa yana yin awa shida. Talata da Alhamis ya zauna a inuwa da agogo, rigarsa a bushe ƙayau.

Mataki na bakwai: Ranar tsere, ka nemi tankinka

Fili ya cika. Inna da Baba suna bakin shingen waya, Baba ya sha doguwar riga da takalmin zuwa biki. Aka busa usur, 'yan tsere suka tashi kamar an watsa wa kaji tsakuwa. Kafin Katifa ya gama zagaye na shida an wuce shi sau biyu. Yana na goma kowa ya gama, har wanda ya zo na ɗaya ya sha ruwa ya canza riga. 'Yan kallo suka fara dariya, daga baya dariyar ma ta gaji.

Saura zagaye biyu ƙafafunsa suka ce sun gama aiki. Ga tanki nan a kwana, da inuwarsa mai sanyi. Ya rage gudu, ya dubi igiyar takalminsa.

"Auta!"

Baba ne. Ya biyo shinge tun daga wancan gefe, ya tattare riga a hannu, yana haki.

"Na ga inda kake kallo. Ni ma ina da irinsa, bencin mai shagon kwanar layinmu. Wata takwas a can nake yin tafiyar likita. To yau ba mai zama. In ka tsaya, na tsaya."

Ya ci gaba da tafiya a wajen shinge, Inna na biye tana salati tana cewa ya tuna jininsa. Tsoro ya kama Katifa, kuma ba na kora ba ne, tsoron kada tsohon nan ya yanke jiki ya faɗi saboda ƙaryarsa. Ya daidaita takunsa da na Baba, shi a ciki, Baba a waje, ba gudu ba, ba tsayuwa ba. Haka suka yi zagaye biyun nan. Da suka iso layi, filin da ya gama dariya ya miƙe tsaye.

Katifa ya zube a ciyawa. Mai Usur ya tsuguna, ya kama wuyan hannunsa, ya dubi agogo.

"Ɗari da tamanin. Kawo katinka in rubuta, wannan ce lambar gaskiya ta farko a cikinsa."

"Malam, dama ka sani?"

"Mai arba'in da huɗu ba ya hutawa sau biyu a matattakalar ofishina. Kuma tagar ofishin nan bayan tanki take kallo. Tashi, ka ci. Je ka ba mahaifinka ruwa."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. In ka bi matakan nan ka wayi gari kana hawa bene ba haki, ko mahaifinka ya riƙa buga maka ƙofa da asuba wai ku fita zagaye, ko mai shago ya yi fushi don bencinsa ya rasa mai zama, ko mahaifiyarka ta yi kuka a asibiti ranar da awon jini ya sauka, kada ka nemo ni. Katifa ya karɓi takardarsa, ku je can ku ƙarata.

Ni kuwa da na tsaya a mataki na uku, na rubuta tamanin ɗina lafiya lau, na shiga jarrabawar ƙarshe na faɗi a zagaye na uku. Bana ina maimaita kwas ɗin. Mai ƙorafi zai same ni Talata da Alhamis a bayan tanki, sai dai ya zo da tawul ɗinsa, kuma in Malam ya ɗago mana hannu ta taga, ladabi ne a mayar masa.