Kan Keken Kabon da Ya Tona Min Asiri a Fadamar Auyo

Duk abin da zan manta a duniya, ban ga ranar da zan manta da wata Laraba a fadamar Auyo ba, ranar da na tara manoma na yi musu huɗuba a kan kayan jabu, na gama na hau nawa jabun ya watsa ni cikin gonar shinkafa suna kallo.

Ni malamin gona ne, a Haɗejia nake zaune. Aikina shi ne in bi ƙauyukan fadama ina koya wa mutanen da suka fi ni sanin ƙasa yadda ake noma. Babur ɗin ofis ya daɗe da mutuwa, don haka na sayi keke na hannu, irin mai manyan tayoyi da giya barkatai, wanda aka ƙera don hawan duwatsu. (A ƙasarmu kuwa, dutsen da ya fi kowanne tsawo shi ne jingar tare ambaliya.) Keken lafiyarsa ƙalau, ni ne ba ni da lafiya. Ciwona shi ne kallon bidiyon masu tseren keke a waya, har na yarda cewa ba tumbina ne ya hana ni gudu irin nasu ba, nauyin ƙarfen kan kekena ne, wato sitiyarin da ake riƙewa.

A nan na ji labarin kabon, wani baƙin abu mai sheƙi da ake saƙawa kamar tabarma a daskarar da shi, wai ya fi ƙarfe ƙwari, ga shi shafal kamar kara. Na duba farashin na kamfanonin kirki a wani shafin sayar da kaya na intanet, na ga sai na sayar da keken na haɗa da kaina. Sai na gangara can ƙasan shafin, inda ake yi wa irina tanadi. Ga kan keke nan na kabon, bai kai rabin kuɗin buhun taki ba. Sunan da aka rubuta a jikinsa wasu haruffa ne da ba su haɗu sun zama kalma a kowane yare ba. Masu yabonsa duk magana ɗaya suka rubuta, kamar ɗaliban da suka kwafi amsa a wurin mutum guda. Na lura da hakan sarai, amma na ce ai masu gaskiya bakinsu ɗaya ne.

Na tura kuɗi, bayan makonni ya iso ta hannun wani direban Kano, a naɗe cikin leda, babu ko 'yar takardar bayani. Na kai wa Baba Modu, tsohon mai gyaran keke a bakin kasuwa, wanda tun keken mahaifina shi ke gyarawa. Ya ɗaga shi ya jinjina, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya leƙa raminsa da ido ɗaya, sannan ya miƙo min kayana.

"Malam, ƙarfe in ya gaji lanƙwashewa yake yi, ka gani da idonka ka sauka. Wannan ban san yadda yake nuna gajiyarsa ba. Ba zan ɗaura maka ba."

Na yi masa irin dariyar da ɗan boko ke yi wa tsoho. Na bayyana masa cewa da irin wannan ake ƙera jirgin sama yanzu. Ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago daga tayar da yake faci ba, ko masu jirgin saman ma a leda direban Kano ke kawo musu nasu. Na tafi ina cewa a raina jahilci ba shi da magani.

A tsakar gida na ɗaura abina da kaina. Daga baya ne na ji cewa ko kabon na gaske akwai sifana ta musamman da ke auna iyakar matsin da zai iya ɗauka. Ni dai na sa ƙarfina na mai cin tuwo na murɗa noti, na murɗa, har na ji wani ɗan sauti, ƙas. Na ce madalla, ya zauna ke nan. Mako biyu ina yawo da shi, ina ɗaga keken da hannu ɗaya a ƙofar ofis don a ga rashin nauyi. (Wai nauyin da na rage bai kai na gorar ruwan da nake ratayawa a jikinsa ba.) In na faɗa rami yakan yi 'yar ƙara, ni kuma in ce sabunta ce.

Ranar Larabar, Sarkin Noman wani ƙauye kusa da Auyo ya tara min mutanensa a gindin tsamiya, a kan jinga. Damina ta ja baya amma ruwa na kwance a gonaki, shinkafa ta fara fitar da kai. Kukansu shi ne jabun maganin feshi da ya ƙone wa wasu amfani. Na jingine kekena inda kowa zai gan shi, na gyara murya. Na ce su duba sunan kamfani, su duba hatimi, su guji duk abin da arharsa ta yi yawa. Da a nan na tsaya da na tsira da mutuncina. Amma sai aka nuna min wani mai suna Ado, magidanci mai 'ya'ya, wanda rabin gonarsa ta ƙone saboda maganin da ya saya a kwalba marar suna. Na tsayar da shi a tsakiyar mutane kamar ɗan firamare.

"Wa ya haɗa maganin? Ba ka sani ba. Me ke cikinsa? Ba ka sani ba. Amma don ka ga arha ka kwashe ka zuba wa abincin iyalinka. Wannan ba talauci ba ne, Ado, rashin tunani ne."

Wasu suka yi dariya. Ado ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ni kuwa ji nake kamar a ɗauke ni a rediyo.

Da aka shafa fatiha, duk mai hankali zai tura kekensa ne ya gangara jingar a ƙafa. Sarkin Noma ma ya ce in bi a hankali, injin ban ruwa ya zaizaye hanyar. Na ce, ranka ya daɗe, ai don irin wannan aka yi keken. Na ɗaura hular kwano, na tattare rigata, na saki birki.

Ban yi nisa ba tayar gaba ta faɗa wani ɗan kwari. Babu wani gargaɗi, babu lanƙwasa. Ɓangaren dama na kan keken kawai ya rabu da uwarsa, ya biyo hannuna tare da birkin da ke jikinsa. Na tuna ina matsa birkin nan a sama, da iyakar ƙarfina, kamar zai tsayar da ni a cikin iska. Keken ya yi hagu, ni na yi gaba, na sauka da kafaɗa a gefen kunya, na ƙarasa da fuska cikin taɓo.

Ado ne ya fara isowa. Shi ya shiga ruwan har gwiwa ya ciro ni, ya share min laka daga ido da hularsa. Kafaɗata ta dama ta ƙi motsi, tafin hannuna cike da wasu siraran tsinkaye kamar ƙayar kifi. Aka zaunar da ni a bakin hanya ana ta sannu. Sai Ado ya ɗauko guntun kan keken ya juya shi. Baƙin nan mai sheƙi ashe fatar waje ce kawai. Cikinsa fari fat, zare-zare kamar bakin tsohon buhu. Ya duba haruffan da ke jiki, ya kasa karantawa, ya miƙa wa wani mai ilimin boko, shi ma ya kasa. Sannan ya dube ni, cikin ladabi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam, wannan wane kamfani ne ya ƙera shi?"

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi min sauƙi. Sarkin Noma ya kama tarin da babu shi, ya juya yana kallon shinkafa. Ni kuma na rufe ido na ƙara nishi, don a ɗauka zafin ciwo ne ya hana ni amsa.

A babur ɗin Ado aka kai ni asibiti a Haɗejia. Duk ramin da muka zo sai ya rage gudu ya ce min sannu. Ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba, kuma wannan shirun ya fi tsagewar da ƙashin kafaɗata ya yi ciwo. A ƙofar asibiti na ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa masa a gaban jama'a. Ya ce babu komai, ai gaskiya na faɗa, sai dai ta ishe mu mu biyu.

Wata ɗaya da rabi hannuna na rataye a wuya, ina cin tuwo da cokali a hannun hagu. Da na koma aiki na tarar sunana ya riga ni zaga fadama. Yanzu daga Auyo har Guri, in manomi ya ɗaga kwalbar magani bai yarda da ita ba, sai ka ji ya ce wannan kabon Malam ne. Abokan aikina sun ce a tarihin ofishinmu ba a taɓa yin wayar da kai da ta shiga kunnen manoma kamar wannan ba, har ogana ya tambaye ni, fuskarsa a ɗaure, ko zan iya maimaitawa a Birniwa.

Abin da na koya bai da yawa. In har kwaɗayin arha ya zame maka dole, ka saye ta a abin da in ya lalace kana tsaye da ƙafafunka a ƙasa, ba abin da ke riƙe da haƙoranka a kan gangara ba. Ranar da kuma za ka je ka kira wani marar tunani a bainar jama'a, ka daure ka tafi a ƙafa.