Albasar Baffa Tanko

Ko tsufa ya kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da Baffa Tanko ya zo duba garkata ba. Ni ɗan gidan malamai ne a Gwaram, allo da tawada na sani, fartanya ba ta taɓa yi min kanta a hannu ba. Sai Allah ya jarrabe ni da son Tabawa, 'yar garin Kiyako, wadda waliyyinta shi ne wannan Baffa Tanko, mai lambun da albasarsa ta yi suna har Birnin Kudu.

Ranar da na je gaisuwa ya ce shi ba ya ba da 'ya gidan da ake shan miyar kuka tsura duk rani. Maimakon in sunkuyar da kai kamar kowane mai neman aure, sai na ji bakina yana cewa, "Ai Baffa, garkar bayan ɗakina ba ta san rani ba. Albasa, yakuwa, alayyahu, har da lalle mai fure." (Abin da ke bayan ɗakina a lokacin, turken akuya ne da tulin toka.)

Ya ce, "Madalla. In zafi ya kankama zan biyo in gani."

Na dawo na kafa danga na yi shuka. Da na ji an ce taki ne sirrin lambu, sai na kwaso kashin kajin gidanmu ɗanye na lafta mata. Ruwa kuwa da tsakar rana nake ba ta, don a ganina lokacin ta fi jin ƙishirwa. Kafin kwana goma komai ya ƙone ƙurmus. Ɗaɗɗoya guda ce ta tsira a lungu, ita ma don na manta da ita ne.

Kwatsam sai ga saƙo, wai Baffa na tafe ranar Laraba. Hankalina ya tashi, don na san in ya ga wannan fili, ni da Tabawa sai dai a mafarki. Na lallaɓi goggota ta je kasuwar Basirka ta samo min albasa mai ganye, ƙulli-ƙulli. Da safiyar Laraba na jiƙa ƙasa, na shiga kwance ƙullin ina binne su ɗai-ɗai a layi. Ina kan na ƙarshe na ji kukan jaki da sallama a zaure. Na cusa ƙullin yadda yake, na tura ƙasa da ƙafa, na wanke hannu.

Baffa ya shigo tare da mahaifina. Ya zagaya a hankali, hannu a baya.

"Ikon Allah," in ji shi. "Albasa ta yi kai haka, ƙasa ko tsagewa ba ta yi ba?"

Na ce, "Irin ta Gwaram ce, Baffa, ba ta da hayaniya." (Wallahi haka na ce, a gaban ubana.)

Ya tsaya kan wadda ta fi duhun ganye, ya duƙa ya ja. Guda bakwai suka fito tare, a wanke tas, ɗaure da kaba.

Har akuya sai da ta daina tuƙa. Baffa ya jujjuya ƙullin, sannan ya dubi mahaifina.

"Malam, ɗanka gwani ne. Na tsufa a lambu, ban taɓa samun albasar da ta fito da ɗaurinta ba. Ɗaurin ma na hannuna ne, zarge biyu, bakin kaba ta hagu. Jiya na sayar wa wata dattijuwa."

Mahaifina ya yi salati ya juya ya fita. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar da ba ta tsage wa albasa ba, ina za ta tsage min?

Baffa ya nuna lungu. "Waccan fa?"

Na ce, "Ita kaɗai ce tawa. Ita ma mantuwa ce ta raya ta."

Ya tsinki ganyen ɗaɗɗoyar ya shinshina. "To, yau ka faɗi gaskiya ɗaya, da ita za mu fara. Gobe ka same ni a fadama."

Rani biyu na yi ina ja masa jigo, ina ɗebo ruwa daga rafi har kafaɗata ta goge, kafin ya ba ni Tabawa. Yanzu garkata da gaske ba ta san rani ba. Amma har yau, da jikoki da komai, in na fara cika baki gaban baƙi, sai in ji muryar Tabawa daga bakin murhu: "Malam, an dai kwance kabar?"

Abin da na koya ke nan: kada ka yi wa mai lambu ƙarya, in kuwa ta kama dole, ka fara tambayar goggonka wurin wa ta yi sayayya.