Yadda Ake Sharhin Fim Ba Tare da An Kalla Ba, Bisa Tsarin Balarabe Tela

Kai da kake zama a majalisa baki a rufe don ba ka kalli abin da ake musu a kai ba, kukanka ya ƙare. Bi matakan nan bakwai, na yi maka alkawari kafin sati ya zagayo ba wanda zai yanke hukunci kan fim ko bidiyo bai waiwayo ya ji ta bakinka ba. Tsarin na Balarabe ne, telan da ke bakin tashar Yako, wanda ya shekara uku yana sharhin finafinai alhali duk wanda ya kunna, kafin a gama jero sunayen ’yan wasa barci ya kwashe shi. Da wannan baiwa ya samu kujerar tsakiya a majalisa. Da ita kuma ya samu shiga wurin Mansura, ’yar Malam Hamman masunci a dam ɗin Tiga, har an tsayar da maganar turo manya bayan kaka.

Mataki na 1: Nemi majiya

Kada ka wahalar da idonka. Je ka shagon caji da turin finafinai, ka zauna kusa da mai shagon. Balarabe wurin Nazifi yake zuwa, wanda duk fim ɗin da ya shiga wata waya a Yako ta hannunsa ya bi.

"Nazifi, sabon kashin nan me ke ciki?"

"Akwai kuka, akwai asibiti, sai wani wuri a cikin jirgin ruwa."

Shi ke nan, ka samu abin faɗa na kwana uku. Kada ya dame ka cewa shi ma Nazifin ba kallo yake ba, jan fim ɗin kawai yake da yatsa daga farko zuwa ƙarshe don ya tabbatar yana buɗewa.

Mataki na 2: Kada ka riga kowa magana

Bari a yi ta cacar baki. Kai dai ka kafa ido can nesa, ka girgiza kai, ka ja ɗan guntun tsaki. In an ce ya ka gani, ka numfasa tukuna. Masani yana jinkiri don ya auna maganarsa, kai kuwa kana jinkiri don ka tsinci ta mutane, kuma daga waje ba mai iya bambance ku.

Mataki na 3: Haddace jimloli uku

"Zangon farko ya fi." "Sun ja labarin da yawa." "Ƙarshen bai zauna min ba." Waɗannan suna shiga ko’ina, fim ɗin Hausa ne, fassarar Indiya ce, ko barkwancin da ake turawa a waya. Balarabe ya taɓa cewa an ja labari da yawa a kan bidiyon daƙiƙa ashirin na wani da ya faɗi a babur da kwandon kaji, kuma mutum biyu suka ce wallahi haka suka gani.

Mataki na 4: Kushe, kada ka yaba

In ka yaba, za a tambaye ka wane wuri ne ya burge ka, ka kama in-ina. In ka kushe, shakkarka za a ji. Kushen da ya fi daɗi shi ne na sana’a: ka ce likitan cikin fim bai iya riƙe allura ba, manomin ya riƙe fartanya kamar zai kashe kunama. Balarabe ya daɗe yana cin kasuwarsa da wannan, don a Yako ba ɗan fim ko ɗaya da zai tashi ya kare kansa.

Mataki na 5: In budurwa ta tambaya, ka ce sau biyu ka kalla

Wata Juma’a bayan la’asar Balarabe ya hau babur ya je zance Tiga. Mansura ta kawo masa ruwa, ta zauna tana ɓoye murmushi.

"Fim ɗin nan mai dogon zango, ka kai kashi na sha bakwai kuwa? Akwai abin da nake so ka gani."

"Tun shekaranjiya. Sau biyu ma."

"To me ka gani?"

"Maganar tana da tsawo, sai mun samu lokaci."

Ta dube shi ta ce Allah ya kai mu, shi kuwa ya ɗauka ya tsallake. A bakin gaskiya Balarabe yana son yarinyar nan har cikin ransa, kuma tsoro yake ji. Gani yake in ta san ba wani masani ba ne, tela ne mai gyangyaɗi, ba abin da zai rage masa a wurinta. Ya ma karɓo kashin wurin Nazifi da niyyar kallo. Ya kunna bayan azahar, ya farka da kiran sallar la’asar wayar na kan cikinsa caji ya ƙare.

Mataki na 6: Kada ka karanta fuskokin mutane

Bayan kwana biyar aka yi suna gidan Abdussamad, yayan Mansura. An raɗa suna da safe, samari sun zauna a tabarma guda ana shan shayi, dattawa na bayansu a gindin darbejiya. Abdussamad ya juyo yana fara’a, abokansa ma duk baki ya ƙi rufuwa.

"Malam Balarabe, an ce kai ne gwanin sharhi. Ya ka ga masuncin nan da ya jefa birgi a kashi na sha bakwai?"

Birgi, in ba ka sani ba, ragar nan ce da ake wurgawa daga jirgi ta buɗe a kan ruwa. Balarabe ma a lokacin ya fara jin an ce akwai ta a fim ɗin. Ya kafa ido can nesa, ya girgiza kai, ya ja tsakinsa.

"Nan ne suka fi ba ni haushi. Kana ganin mutumin ka san bai taɓa taka ruwa ba. Ni da nake tela ma na fi shi iya jifan nan."

Wani ya ajiye kofinsa a hankali. Daga gindin darbejiya aka ce, "Balarabe."

Ya juya, ya ga Malam Hamman ne, ya durƙusa. "Na’am, Baba."

"Ni ne masuncin. Bara ’yan fim suka zo dam, suka roƙe ni in jefa musu." Dattijon bai ɗaga murya ba. "Ina shekara tara ruwan nan ya cinye garinmu. A saman gonar ubana nake jefa birgi yau shekara arba’in da ɗoriya. Amma mutum ba ya gama koyo. Gobe da hantsi ka zo ka gyara min hannu."

Mataki na 7: In ta kwaɓe, kada ka ja da baya

A nan ƙaramin mai sharhi zai ce Baba a yafe min, ban kalla ba. Balarabe babba ne. Ya zo da hantsi cikin kaftanin da ya ɗinka wa kansa, ya shiga jirgi, ya karɓi birgi ya juya ya wurga da iyakar ƙarfinsa. Dalmar bakin ragar ta sarƙe da maɓallin kaftanin, raga ta tafi, mai raga ya bi ta. Ruwan iya ƙirji ne, amma sai da ya sha ya ƙoshi kafin Malam Hamman ya kamo shi ta wuyan riga. Abdussamad na bakin gaɓa da waya a hannu, bai bar komai ya wuce shi ba.

Yana zaune a kan dutse yana ɗiga, dattijon ya koma tattara ragarsa, sai ga Mansura da kwanon abincin mahaifinta. Ta tsaya nesa kaɗan.

"Ka kalla?"

"Ban kalla ba."

"Ko kashi ɗaya?"

"Ko ɗaya. Barci nake yi, Mansura."

"Na sani tun zuwanka na biyu. Jira nake ka faɗa da bakinka. Da ka faɗa ran Juma’a, da yau kayanka a bushe suke."

Kunya ta ishe shi, amma sai ya ji kamar an sauke masa buhun masara daga ka. Malam Hamman ya ƙaraso ya yanke nasa hukuncin: manya su zo bayan kaka kamar yadda aka yi, amma sai Balarabe ya kalli fim ɗin kaf, kashi talatin da huɗu, a zaurensa, yana gefe. In ya yi gyangyaɗi a koma farko.

Yau sati na biyar ke nan. An fara yankan dawa a Kiru, su kuwa suna kashi na uku. Duk la’asar za ka ga Balarabe a zauren da goro a baki da kofin ruwan sanyi a gefe yana shafa wa ido, Mansura na leƙowa ta labule tana masa addu’a. Bidiyon faɗawarsa, mai daƙiƙa sha takwas, ya kai Dangora ya kai Tudun Wada. A majalisar Yako kuwa wani Mustapha ne ya gaji kujerar tsakiya. Da aka tambaye shi ya ya ga bidiyon, sai ya kafa ido can nesa ya ce sun ja labarin da yawa.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya sha ruwan dam, ko aka ɗage masa aure, ko ya rasa kujerarsa, shi ya jiyo, babu hannun mai wannan rubutu a ciki. Kada a zo min da ƙorafi, kada a turo min surukai. Shi kansa bidiyon Balarabe ban samu na kalla ba tukuna, amma gaskiya ƙarshen bai zauna min ba.