Kafaɗar Ƙarfen Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kafaɗar Kawu ta ƙwace mini sunan jarumi. A zamanin gyaɗa, daga Korgom har Tasawa ba wanda ya kai ni ƙarfi da taurin zuciya. Buhun gyaɗa da hannu guda nake jefa shi cikin kamyo, wato babbar motar kaya (in ka ji wani ya ce mu huɗu muke ɗagawa, hassada ce).

Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon soja ne. Sanyin ƙashi ya cinye masa kafaɗar dama, har likitocin soja suka fitar da kan ƙashin suka sa masa na ƙarfe. Duk da haka hannun bai ƙara wuce ƙirjinsa ba. In hadari ya haɗo sai ka ji kafaɗar tana ƙis, ƙis, kamar gara cikin azara. Mutanen gari suka ce ƙarfen Nasara ba ya zuwa shi kaɗai, da aljaninsa a ciki.

Wata rana Kawu ya ce mini, "Ɗana, in na mutu mutanen nan za su ji tsoron taɓa ni. Kai za ka riƙe ni a yi mini wanka."

Na bugi ƙirji. "Kawu, ko tashi ka yi, ni zan mai da kai kwance."

Ya rasu da hantsi, cikin damina. Bayan zana, wurin wankan gawa, daga ni sai liman, maza na zaune a waje. Iska ta ɗauke, ko kaza ba ta motsi. Liman ya ce in kishingiɗar da shi gefen hagu a fara da dama. Na durƙusa na jawo shi jikina.

Ƙis.

Na dubi liman, bai ɗaga kai ba.

Ƙis, ƙis. Sai hannun nan ya zamo sannu a hankali, ya sauka a ƙeyata, sanyi ƙalau, yatsun cikin wuyan rigata.

Ban bi ta ƙofa ba, jama'a. Zanar na ɗauka a wuya, na ratsa masu zaman makoki, na faɗa gonar gero ina salati (an ce har Mayahi an ji ni, amma wannan ƙari ne). Wani dattijo maƙwabci, wanda ya fi kowa tsoron ƙarfen, shi ya tashi ya riƙe Kawu aka gama. Sai da aka kai shi makwanci na lallaɓo. Liman ya ce ciwo ne ke riƙe hannun, da rai ya fita sai ya saki.

Tun ranar, in zan cika baki sai na fara duba inda ƙofa take.

Da na shiga yi wa Inna, matar Kawu, gaisuwa, ta dube ni ta ce, "Tun da aka sa masa ƙarfen nan yake son ya dafa ka bai iya ba. Ran da ya iya kuma, ka tafi mana da zana."