Yadda Za Ki Zaɓa wa Akuyar Innarki Ragulato

Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari akuyar gidanku ba za ta ƙara ɓacewa ba. Mufida 'yar Kalgo, ɗalibar fasahar lantarki, ta gwada su duka, kuma har yanzu ana maganarta a unguwa.

Mataki na ɗaya: Samo matsala mai ƙafa huɗu

Ta Mufida ita ce jar akuyar Inna Jummai, wadda ta maida gonar waken Malam Yusufu gidan biki. Malam ya rantse in ya ƙara kama ta, sai an kai ta kasuwa. Abin da ke ceton ta kawai, jajayen awaki sun cika gari, Inna kuma kullum sai ta ce, "Ba tawa ta ba, Malam." Ke dai ki haɗa 'yar na'ura mai kukan tsuntsu, ki rataya wa akuya a wuya, don Inna ta ji inda ta nufa ta tare ta.

Mataki na biyu: Girmama batiri

Batirin agogo ne, mai faɗi kamar kwabo, ƙarfin wutarsa bolt uku kacal. Talaka ne mai mutunci. Ragulato shi ke tsaye tsakaninsa da na'ura yana daidaita wuta, kamar uwar gida da ludayi.

Mataki na uku: Saurari mai shago, sannan ki yi nadama

Abdulrasheed mai gyaran rediyo zai miƙo miki ƙaton ragulato mai ƙafa uku da hular ƙarfe. "Wanga ko injin niƙa ya ɗauka, 'yar boko." Ki karɓa, don kunya. A gida za ki tarar ba ya ko motsi sai an ba shi bolt bakwai. Kin kawo ɗan dambe gidan da ake lasar koko.

Mataki na huɗu: Tambayi ko yana tuƙa

Nan ilimin yake, ki gyara zama. Wani ragulaton, ko na'ura tana barci, bakinsa na motsi kamar saniya a inuwa, yana cinye batiri. Na biyun da Mufida ta saya haka yake. Akuya ta fita tana tsuwwa, kafin sati wuya ya yi tsit.

"Tsuntsun naki ya mutu?" in ji Inna.

"Inna, wutar zaman banza ce ta yi yawa."

"To, ya ɗauko halin kawunki Mamman."

Nemi wanda cin zamansa bai kai mikro-amfiya ɗaya ba, wato ɗan mitsitsin abin da ko batiri ba zai ji an taɓa shi ba. Ya kuma zama mai haƙuri, wanda zai ci gaba da aiki ko batiri ya fara tsufa. Ƙarami ne kamar ƙwayar gero. Kada ki yi atishawa kusa da shi. Mufida ta yi.

Mataki na biyar: Ci nasara

Na ukun ya yi kyau, ba laifi. Sati ya zo ya wuce, akuya na tsuwwa. Mufida ta fara tafiya da biro a bayan kunne. Ranar da Inna ta tafi bikin suna a Dangoma, babu mai saurare a gida, sai ga Malam Yusufu da la'asar, igiya a hannu, ganyen wake a bakin akuya, wuyanta na rera waƙa.

Inna, dawowarta ke nan, ko mayafi ba ta cire ba, ta fara: "Malam, ba tawa..."

"Jummai, duk Kalgo akuya nawa ka kukan tsuntsu?"

Ya juya ga Mufida. "Ɗiyata, yaushe abin ga ka mutuwa?"

Ita kuwa, da gaskiyar ɗalibi: "Sai baɗi, Baba."

"Madalla. A bar mata shi. Na fasa kasuwa, daga shimfiɗata nika jin zuwanta."

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ta da alhakin waken da aka ci, ko hararar da za ki sha a gida. In innarki ta daina yi miki magana don kin kashe mata ƙaryar da ta fi so, ki kai ƙarar ragulato.