Rasuwar Gwaggo Kwaram, Mai Wankin Kwanson Harsashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ta ƙi bin umarnin da aka ba ta na yin shiru, Malama Laraba, 'yar marigayi Andarawus maharbi, tana sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da duk mai bindiga daga Kontagora har Beri, rasuwar Gwaggo Kwaram, injin wankin kwanson harsashi. Ta cika ranar Talata da hantsi a gindin mangwaron gidansu, tana tsakar aiki.

Baba Filibus, ƙanen mahaifin Laraba kuma Sarkin Baka na yankin nan, ya aiko cewa a lulluɓe gawar da buhu a jefa a ramin bayan gida, kada kowa ya ji. Ya ƙara da cewa idan labarin ya kai kasuwa, to a nemi wani uban da zai karɓi kayan auren Laraba daga gidan su Yohanna, domin shi hannunsa ya fita. Laraba ta durƙusa ta saurari saƙon har ƙarshe, ta yi godiya, ta tambayi lafiyar ƙafarsa. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko alƙalami.

An haifi marigayiyar a tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da sabon harsashi ya ɓace daga kanti, birai kuwa ba su ji labarin yaƙi ba, suna ta shiga dawar mutane. Maharba sai suka koma tsince tsofaffin kwansunan tagulla su sake cika su. Amma kwanson da ya yi kore da tsatsa maƙalewa yake a bindiga, hannun Baba Andarawus kuma ya fara rawa saboda tsufa, ba ya iya goge su ɗaya-ɗaya da toka. A dokar maharba mace ba ta taɓa kayan harbi, wai sa'a gudu take. Laraba, wadda ta dawo daga makarantar horon malamai da keken ɗinki na kyautar ƙwazo, ta dubi mahaifinta, ta dubi gonar. Ta sauke kan keken ta ajiye a ƙarƙashin gado, ta ɗora garwar fenti a kan ƙafar, ta haɗa su da igiyar fata. Mata sun yi ta zuwa kallon yarinyar da boko ya taɓa wa kai.

Marigayiyar ba ta da tsadar ciyarwa. Ƙaiƙayin shinkafa da dakakkiyar totuwa ne abincinta, da ɗigon man keke ranar Lahadi bayan sujada. A zuba mata kwansuna baƙi ƙirin, Laraba ta hau taka ƙafar, ita kuma ta fara zancenta: shaa-kwaram, shaa-kwaram. Kafin rana ta karkata sun fito suna walƙiya, har mutum ya ga hancinsa a jiki. Surutu ne kawai aibinta. Kajin maƙwabta sun daina ƙwai na wani lokaci, daga baya suka saba.

Haƙuri kuwa ba a magana. A dandali maharba sun kira ta kayan shaiɗan, sun rantse kwansonsu ba zai shiga cikinta ba. Sai ga matansu suna sallama da ƙwarya a rufe da faifai, wai sun kawo wa Malama gyaɗa. Gyaɗar tana ƙara kamar ƙarfe, nauyinta kuma ya fi na gyaɗa. Marigayiyar ba ta taɓa tambayar ƙwaryar wane gida ce ba. Har da wata babbar ƙwarya mai ɗinki a baki, wadda duk garin nan ya san a ɗakin wa take kwana, ta riƙa zuwa kowace kaka. Mai ita, wanda ke riƙe da sarautar maharba, shi ne ya fi kowa kashe aladun daji a shekarun nan, kuma a wurin bikin maharba yakan ce sirrinsa shi ne mace ba ta taɓa kusantar kayansa ba. Laraba tana cikin masu raba kunu ranar da ya fara faɗar haka. Ta zuba masa nasa, ta cika masa ludayi.

Ciwon ajalin ya soma da damina. Tsatsa ta ci gindin garwar, marigayiyar ta fara tari tana tofar da ƙaiƙayi. Haliru maƙeri ya duba ta, ya yi mata faci, ya sake yi, daga bisani ya ce babu sauran wurin da guduma za ta sauka. Muryarta ta koma kwar, kwar, kamar tsohuwa mai neman ruwa. Ranar Talata sandar cikinta ta karye. Kwaram ɗaya ta yi, mai ƙarfi, ta yi shiru. Kwansunan da ke cikinta a lokacin na babbar ƙwaryar nan ne, kuma sun fito tas.

Ta rasu ta bar Laraba, da ƙafar keke wadda har yanzu da sauran ƙarfinta, da kan keke da ya tsufa a ƙarƙashin gado bai ɗinka ko ɗankwali ba. Ta bar rumbunan dawa da birai ba su samu ba, da maharba masu yawa waɗanda ba su san ta ba ko kaɗan, amma tun Talata fuskarsu ba walwala.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an tashi kasuwa. Za a ɗauko gawar a kan amalanke, ba a lulluɓe ba, a bi ta gaban dandalin maharba a hankali, a kai ta maƙerar Haliru inda za ta koma murhu. Mata su zo da ƙorensu, kowacce ta karɓi gyaɗar gidanta a gaban jama'a. Maza masu kunyar zuwa suna iya tsayawa daga nesa, za a ɗauka wucewa suke.

Masu shirin zuwa bikin Laraba a watan Kirsimeti kuma su huta da ɗinki. Jiya Baba Filibus ya mayar da kayan auren da aka fara kawowa, Yohanna ya karɓa, domin shi ma maharbi ne, a ƙarƙashin Sarkin Baka yake. Laraba tana son Yohanna, kuma ta san haka za a yi tun kafin ta manna wannan takarda. Tana karɓar gaisuwar rashin nan biyu a gindin mangwaro, daga safe zuwa la'asar.