Yadda Mai Takalmi Ya Zama Darakta Janar

Duk layinmu babu wanda ya san sirrin talla kamar Darakta Janar. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya, sai dai gishiri ya yi masa yawa. A da sunansa Mai Takalmi. Yana zaune bakin shago da basilla a hannu, warin gam ya kama masa riga, yana haɗa takalman makaranta masu ƙarkon da sai dai ƙafa ta fi su girma a miƙa wa ƙane. Wannan zamanin duhun kai ke nan, in ji shi. Sai ya je wata bita ta 'yan kasuwa a ɗakin taron otal, ya dawo da takardar shaida da sabon suna.

Ciniki ɗaya ne ke riƙe da shagon. Duk shekara kafin a dawo daga dogon hutu, shugabar wata makaranta da ke bayan layi takan ba shi aikin takalman ɗalibanta kaf. Da shi ake biyan haya, da shi tukunya ke tafasa a gidansa. Sauran watannin faci ne da sauya maɗauri.

Aikinsa na farko a sabon muƙami, ya kwashe takalman da ke ƙofar shago ya tura su bayan labule.

"Babban kamfani ba ya shanya kayansa kamar wanki," ya ce mana.

Ya kawo tebur mai gilashi da kujera mai juyawa. A sama ya kafa allo wanda ya fi ƙofar faɗi: ga shi nan cikin kwat, ya harɗe hannuwa, yana hangen nesa, an rubuta "Mafarkinka, Tafiyarmu". Mai fenti ya tambayi inda za a sa hoton takalmi. Darakta ya ce takalmi a ƙasa yake, shi kuwa sama ya nufa. Mu 'yan layi muka tafa. Kowa ya koma shagonsa yana kallon kayansa da ke ƙofa yana jin kunya, har mai gyaran fanka ya ja fankokinsa ciki.

Sai bidiyo. Kullum da safe ya jingina waya da gwangwanin gam, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga yatsa.

"Ya ku matasa! Ni da kuke gani na fara daga babu. Nasara ba a ƙafa take ba, a kai take!"

Mabiya suka yi ta zuwa, yana ƙirga su kamar mai kiwo a bakin garke. Ya san wanda ya shigo jiya, ya san wanda ya fita, ya ƙullace shi. Ranar da suka kai dubu tara ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai, ya miƙa wa matarsa wayar.

"Maigida, cikin dubu taran nan wa ya sayi ko silifa?"

"Ke ba za ki gane ba. Suna ake ginawa."

"To, a gina da rufi, damina na tafe."

In wani ya yi kuskuren tambayar farashi, amsa ɗaya ce: "A biyo mu ta saƙo." In an biyo, sai a ji shiru, don a bitar an ce kamfanin da ke amsawa da wuri bai da aikin yi. Tsofaffin masu saye kuwa, waɗanda suka saba su zauna a benci ana hira ana ɗinki, suka zo suka tarar babu benci. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma Darakta ya ce wannan karin maganar kafin zuwan waya aka yi ta.

Hutu ya yi nisa. Darakta ya riga ya jibge fata bayan labule, yana jiran kiran shugabar makaranta. Waya ta yi ta ƙara, duk masu yabo ne. Shugabar kuwa ba ta kira ba. Yakan ɗauko lambarta ya kalla, yatsa ya kai, sai ya tuna wane ne shi: babban kamfani ba ya bin kowa.

Ana saura kaɗan a koma makaranta sai ga ta da kanta, da jaka a kafaɗa. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya juya kujera a hankali, kamar wanda aka katse wa babban taro.

"Ranki ya daɗe, kin yi sa'a kin same ni."

"Kai, Darakta, Allah ya sanya albarka! Ba na barin bidiyonka ko ɗaya. Ranar da na ga allon nan na ce wa malamaina, kun ga mutuminmu ya bar ɗinki ya zama mai lacca. Wallahi na yi maka murna, na kuma yi wa kaina jaje, don wanda na ba aikin bana hannunsa bai kai naka ba."

Kujerar ta tsaya da juyi. Fatar tana nan bayan labule, taku biyu daga inda take tsaye. Magana ɗaya ta isa: ina nan ina yi. Wataƙila ma a raba aikin. Ya buɗe baki.

"Abin da ya kawo ni," ta ce, "ranar buɗe makaranta muna son babban mutum ya yi wa yara jawabi a kan nasara. Ba mu da abin sallama, sai godiya."

Babban mutum. Maganar ta ratsa shi har tafin ƙafa. Ya rufe baki, ya gyara kwat.

"Akwai lasifika?"

Akwai. Mun je, mun zauna a layin gaba. Ya yi jawabi mai ratsa jiki a gaban yara ɗari uku, sun tafa har da buga ƙafa a ƙasa. Ƙafa ɗari shida, duk cikin takalmin wani.